Daɓen da Ya Ɓatar da Yaya

Guntayen katako uku Auta ya ɗora mata a cinya, ya ce, "Yaya, ke ce babba. Ke za ki zaɓa mana."

Yaya ta yi dariya. Shekara goma sha ɗaya ke nan da idanunta suka rufe, tun lokacin kuma a gidan ƙanen nata take zaune, amma ba a taɓa cewa ta zaɓi ko labule ba. Ta ɗauki na farko ta shafa. Sanyi gare shi da santsi, kamar farantin da aka wanke yanzu. Na biyu ya fi shi nauyi, santsin dai ɗaya. Na ukun ne ya yi magana da yatsunta. Jijiyoyin itacen duk suna nan, siri-siri, mutum na jin inda suka fito da inda suka nufa.

"Wannan," in ji ta.

Malama, matar Auta, ta ƙyalƙyale da dariya. "Haba Yaya! Wannan ai bencin ajinmu ne."

Daga wajen ƙofa wata murya mai kauri ta sa baki. Kafintan da zai yi aikin ne, dattijo, yana tsaye da abin awo a hannu. "Wallahi Mama ta fi ku ido," ya ce. "Shi ne mai riƙe ƙafa. Waɗancan biyun, in aka shafa musu man sheƙi, ko kyanwa sai ta yi tunani kafin ta taka."

"Sheƙin muke so," in ji Auta. "Daga ƙofar shigowa har ƙarshen gida, shimfiɗa ɗaya, ba yankewa. A cire duk wani dokin ƙofa. Bangon nan da ya raba falo da korido a rushe shi, wuri ya buɗe. In mutum ya shigo ya ga kamar ruwa ne kwance."

"Yallaɓai, a bar ko da na ɗakin Mama."

"Don a ce na gyara gida na bar yayata a baya? Har ɗakinta. Ita ce ma farko."

Yaya ta ji daɗin maganar, har ta sa masa albarka. Sai da aka karɓe katakon daga cinyarta, ta sauke tafin ƙafarta a kan tsohon daɓen, sannan gabanta ya yanke ya faɗi.

Ita fa da ƙafa take ganin gidan nan. Daga gadonta zuwa ƙofa leda ce, mai ɗan kumburi a tsakiya. Sai dokin ƙofa. Sai simintin korido mai sanyi, taku bakwai, inda wata tsaga ke ratsa shi. Nan ake juyawa hagu a shiga banɗaki. In aka zarce akwai tayil guda da ya saki, yana cewa ƙwas in an taka, shi ne ƙofar kicin. Gefen kafet kuwa shi ne falo. Sandarta mai bakin ƙarfe takan faɗa mata sauran, don kukan siminti daban, na tayil daban. Da waɗannan take dafa wa kanta shayi, ta shanya wankinta, ta buɗe wa baƙo ƙofa. Sau da yawa baƙon sai ya zauna ya sha ruwan da ta kawo masa kafin ya gane ba ta gani.

Ranar Litinin aka fara fasawa. Tana zaune a baranda inda aka ajiye ta da kujera, tana jin guduma na cin gidan ɗaki bayan ɗaki. Ta ji lokacin da aka ɓamɓare tayil ɗin kicin. Wani ma'aikaci ya wurga shi cikin baro, ya yi ƙwas ɗinsa na ƙarshe, ta kai hannu ƙirji kamar an ambaci rasuwar wanda ta sani.

Da aka kawo katakon ba a shimfiɗa shi nan take ba. An jibge shi a tsakiyar falo har kwana goma. Kafinta ya ce dole sai ya sha iskar gidan, ya saba da zafinsa da sanyinsa, in ba haka ba zai kumbura ko ya tsuke bayan an kafa shi. Auta kan leƙa shi safe da yamma. Ya hana a buɗe taga da yawa, ya hana a yi shanya kusa da shi.

"Baƙo ne," yakan ce. "Sai an bi shi a hankali."

Yaya na ji. Ta so ta tambaya ita kwana nawa za a ba ta ta saba, sai ta ga abin zai zama kamar ƙorafi, ta haɗiye.

Sati biyu ana aiki. Warin gam, kukan zarto, bugun guduma mai kan roba, sai injin guga da ya cika gidan da ƙura mai ɗaci. Kafinta kan zo wurinta lokacin hutu ya zauna a ƙasa da kofin shayinsa.

"Mama, yau mun kai ƙofarki. Mun bar masa ɗan rata a jikin bango, wurin numfashi. Katako ko an sare shi bai gama rai ba."

"To Allah ya ba shi lafiya," in ji ta. "Mu ma a bar mana ratar."

Ya yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya.

Ranar da man ya bushe, Auta ya riƙo hannunta da kansa ya shigo da ita. Muryarsa har rawa take don murna. Yaya ta ajiye ƙafar dama, ta ajiye ta hagu. Ta jira ƙasa ta ce mata wani abu. Ba ta ce komai ba. Ta ƙara taku uku. Santsi ɗaya, sanyi ɗaya, gaba da baya, dama da hagu. Muryar Auta ma ta canja, tana dawowa daga wuraren da a da bango ke tare ta.

"Ina muke yanzu?" ta tambaya.

"Kai Yaya! Falo mana," in ji Auta.

Ta buga sandarta don ta ji amsar wurin.

"Yaya!"

Tsawar ta sa sandar ta kusa suɓuce mata. Ta ji ya durƙusa yana hura wurin da baki, yana gogawa da hannun riga.

"Ya yi tabo," ya ce a hankali. "Rana ta farko."

"Ban sani ba, Auta."

"Na san ba ki sani ba. Kawo sandar. Akwai ta zamani, mai taushin baki, zan sa a kawo miki cikin satin nan."

Ta miƙa masa. Hannunta ya zauna a buɗe, bai san me zai riƙe ba.

Dokokin ba rana ɗaya suka zo ba, kuma babu wadda ta zo da faɗa. Kowace da murmushinta da dalilinta. Silifas na ɗauko yashi, yashi na cin sheƙi, don haka Malama ta sayo mata safa mai laushi har ƙafa uku. "Ki ji taushi, Yaya, kamar jikin jariri." Safar ta rufe ɗan abin da tafin ƙafarta ke iya ji, ta kuma ƙara wa santsin santsi. An sake fentin bango fari tas, don haka a daina bin sa da hannu. Katako ba ya shiri da ruwa, don haka butarta da jarkar ruwan shanta suka bar ɗakinta. Kicin kuwa, ai ga Malama, me zai kai Yaya kusa da wuta? An liƙa wa ƙafafun kujeru wani abu mai laushi don kada su karce daɓe, sai kujerun suka zama ba su da wurin zama. Yau nan, gobe can, ba ƙara ba sanarwa.

Tsakanin ƙofarta da banɗaki, inda aka rushe bango, yanzu fili ne. Taku goma ko sha biyu in ana jan ƙafa, ba abin dafawa. A ranar farko ta ƙirga bakwai ta juya hagu kamar yadda ta saba, ta yi karo da teburin cin abinci. A rana ta biyu ta tsinci kanta a bakin ƙofar fita. A rana ta uku ƙafarta ta zame, ta kai hannu ta kama bayan kujera, kujerar ta sulale ta bar ta. Da ƙugu ta sauka. Ta daɗe a kwance tana jin bugun zuciyarta a cikin katakon.

"Shi ya sa nake cewa ki jira ni," in ji Malama da yamma, tana shafa mata man zafi. Hannunta da tausayi, muryarta da gajiya. "Da safe in kai ki, in na dawo daga makaranta in kai ki. Mene ne na wahalar da kai?"

"Da can wa yake kai ni?"

"Da can daban. Shekaru ne, Yaya. Jiki ba ya zama yadda yake."

"Sati uku ne suka tsofar da ni?"

Malama ta miƙe. Ta rufe kwalbar man ta fita, safarta ba ta ko motsin da za a ji.

Wannan ma wani abin tsoro ne da Yaya ba ta taɓa sani ba. A da tana gane kowa da takunsa. Yanzu mutane sai dai su ɓullo a gefenta, murya kawai, ba zuwa ba tafiya. Takan yi magana da ɗaki babu kowa. Takan yi shiru tana share hawaye, ashe Auta na tsaye a kanta.

"Sandar fa?" ta tambaye shi a sati na huɗu.

"An ce ta ƙare a shagon. Sai an kawo wasu."

A sati na biyar ya ce wadda aka kawo gajera ce. A na shida ya ce, "Yaya, kin san dai ban manta ba," da irin muryar da ke nufin kada a sake tambaya.

Sai ta koyi lissafin da bai kamata ɗan Adam ya koya ba. Malama na fita bakwai da rabi, tana dawowa huɗu. In Yaya ta sha shayin safe duka, ba za ta kai huɗu ba. In ta sha rabi, za ta kai da ƙyar. Ruwan da ake ajiye mata a kofi mai murfi, a kan faranti, a kan tsumma, takan jiƙa leɓe da shi kawai. Leɓɓanta suka tsage. Kanta ya riƙa sarawa tun hantsi. In ta miƙe daga gado sai duhun da ta saba da shi ya riƙa juyawa. Matar da ke shanya zannuwan gado ita kaɗai ta koma zaune a gefen katifa, hannu biyu a cinya, tana sauraron agogon falo yana buga sa'o'i, tana roƙon mararta ta yi haƙuri.

Wata Asabar Kafinta ya dawo rage wa ƙofar kicin tsawo, don tana gogar daɓe. Da ya gama ya yi sallama a ƙofar ɗakinta.

"Mama, ko an yi tafiya ne? Ban ji ana tsokanata ba."

"Ina nan, Malam Kafinta. Ina zan je? Ka shimfiɗa mini kogi, ban iya iyo ba."

Ta ji numfashinsa ya canja, ta gane kallonta yake, ta jawo mayafi ta rufe wuyan hannunta da ya rame.

Ba ta ji fitarsa ba, amma ta ji muryarsa a falo, don bai sassauta ta ba.

"Yallaɓai, ina da siririn katako a mota, kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba. In kafa shi daga ƙofar Mama zuwa banɗaki, wani zuwa kicin. Launi ɗaya da daɓen. Ƙafarta za ta bi. Aikin rabin awa ne."

"A tsakiyar falo? Layi kamar filin ƙwallo?"

"To a mayar mata da sandarta. In sa mata roba a baki yanzun nan."

"Roba na barin baƙin zane. Kai da bakinka ka faɗa."

"Zane ana gogewa, yallaɓai."

"Malam, yayata ce. Ni na san abin da ya dace da ita. Likita ma cewa ya yi ta riƙa hutawa. Ci take ta rasa, ko sha? Ɗakinta ya fi nawa kyau. Mutane nawa ne za su riƙe 'yar'uwa shekara goma sha ɗaya ba su taɓa ɗaga mata murya ba?"

"Ban ce ba ka yi ba."

"To a bar maganar. Ƙofar ta daina gogawa?"

"Ta daina."

Yaya ta ji an rufe ƙofar waje. Daga baya Auta ya shigo ya zauna kusa da ita, har katifar ta lotsa.

"Yaya, me kika ce wa mutumin nan?"

"Wasa na yi masa."

"Irin wannan wasan ne ke sa a zage ni a gari. Kina so a ce na wulaƙanta ki?"

"A'a, Auta."

"In gidan ya ishe ki ne, ki faɗa. Akwai wuraren da ake kula da masu lalura irin taki, da ma'aikata da komai. Ni dai ba na so, amma in kin fi son can..."

Bai ƙarasa ba, bai kuma buƙaci ƙarasawa ba. Nan aƙalla ta san inda gadonta yake.

"Ban ce komai ba," ta ce da sauri. "Daɓen ya yi kyau. Kowa ya faɗa."

Kowa kuwa ya faɗa. Abokan aikinsa sun zo, sun tuɓe takalma a waje, sun yi ta salati. Wata ta ce har fuskarta take gani a ciki. Aka tambayi Yaya, Auta ya ce tana hutawa, ta samu natsuwa sosai kwanan nan. Tana jin su ta bayan ƙofa, tana matse ƙafafu, tana jiran su tafi a kai ta banɗaki.

Ranar Larabar da abin ya faru, agogo ya buga huɗu Malama ba ta dawo ba. Ya buga rabi. Yaya ta kira sunanta sau biyu ko ta shigo ba a ji ba. Gidan ya dawo mata da muryarta. Zufa ta karyo mata. Ta miƙe, ta lalubi ƙofa, ta tsaya a bakin filin nan tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Ɗaya. Biyu. Tana jan ƙafa, hannuwa a gaba. Biyar. Shida. A na takwas safar ta ɗan zame, ta juya don ta tsayar da kanta, shi ke nan. Ba ta san ina ta fuskanta ba. Ta miƙa hannu dama, iska. Hagu, iska. Ta yi taku biyu ta dawo, ko kuwa ta ƙara gaba ne, ba ta sani ba. Agogon da take jin yana gabanta ya koma bayanta. A cikin gidan da ta yi shekara goma sha ɗaya tana sharewa, Yaya ta tsaya ta ɓace.

Sai mararta ta gaza.

Ɗumin ya bi ƙafafunta ya jiƙa safar. Abin da ya fara zuwa ranta ba kunya ba ce. Katakon ne. Ruwa a kan katakon Auta! Ta zube a gwiwa, ta fizge ɗankwalinta, ta shiga gogewa tana kuka, tana cewa, "Na shiga uku, na shiga uku," tana lalube da ɗaya hannun ko ya gangara wani wuri.

A cikin laluben ne farcenta ya faɗa wani abu. Siriri ƙwarai, kamar gashi. Ta tsaya. Ta sake bi. Mahaɗar katako biyu ce, inda wannan ya shiga cikin wancan. Man sheƙi ya cike ta har ƙafa ba ta ji, amma farce na ji. Kuma miƙe take, ba ta karkata.

Ta bi ta da rarrafe. Mace mai shekara hamsin da bakwai, kai ba ɗankwali, zane a jiƙe, tana rarrafe a falon ƙanenta. Layin ya kai ta har goshinta ya taɓa itace. Ta shafa sama. Ƙofarta ce, ga makullinta a jiki. Ta juya ta bi layin baya, tana shinshina, har ta ji ƙanshin sabulu da ɗan sanyin da ke fitowa ta ƙarƙashin wata ƙofa a hagunta. Tsawon hannu ɗaya ne tsakanin layin da banɗaki. Duk kwanakin nan, tsawon hannu ɗaya.

Ta zauna a kan dugaduganta tana haki. Ta san abin da ke zuwa ranta, ta kuma san abin da zai biyo baya. Tsoro biyu suka tsaya mata, na Auta da na gobe da ƙarfe huɗu. Ta auna su. Sannan ta koma ta buɗe ƙofarta, ta zare makullin.

Katakon da tauri, ba a yi ƙarya ba. Jan farko ko gezau bai yi ba. Ta kafa bakin makullin a mahaɗar tun daga cikin ɗakin, ta danna da hannu biyu, ta ja da nauyin jikinta. Man ya tsage da wata ƙara siririya da ta ratsa mata haƙora. Ta sake ja. Ta sake. Garin itace ya fara taruwa a yatsunta. Taƙi ɗaya, ta matsa. Taƙi ɗaya, ta matsa. Duk motar da ta wuce a titi sai numfashinta ya ɗauke, ta ƙame, in ta wuce ta ci gaba. Fatar yatsanta ta saɓule, makullin ya yi danƙo a hannunta, ba ta tsaya ba. A daidai banɗaki ta ja wani gajere zuwa hagu.

Ta koma bakin ƙofarta. Ta tuɓe safar ta ajiye. Ta miƙe tsaye.

Babban yatsan ƙafarta ya sami zanen. Kaushi, tsini-tsini, kamar tsagar da ta sani. Ta ɗaga ƙafa ta taka, ba ja ba, taku na gaske. Ta sake. Bayanta ya miƙe da kansa. Ƙasa na magana! Ta isa inda zanen ya karya, ta juya hagu, hannunta ya sauka a kan mariƙin ƙofa kamar jiya ta bar shi. Ta wanke jikinta. Ta buɗe famfo ta tara hannu ta sha, ta sha, ta sha, har ruwan na bin haɓarta, tana dariya tana kuka lokaci guda.

Tana fitowa ta ji mota ta tsaya. Wannan ba ta wuce ba.

Su biyu suka shigo tare. Ashe taro ne ya riƙe Malama, Auta ya biya ya ɗauko ta. Maganarsu ta yanke a tsakiyar kalma. Yaya na tsaye a kan zanenta, ƙafa ba safa, makulli a hannu. Ta ji jakar Malama ta faɗi.

"Auta," ta ce, "na kai kaina. Ka gani? Ni kaɗai na je."

Ta ji ya matso. Ta ji gwiwoyinsa sun sauka a ƙasa dab da ƙafafunta, zuciyarta ta karye don tausayinsa, ta miƙa hannu ta dafa kansa kamar yadda take yi yana yaro. Hannun bai sami komai ba. Ya sunkuya ƙasa da haka. Abin da ta ji shi ne tafin hannunsa yana bin zanen, a hankali, daga nan har can.

"Ya shiga ciki," ya ce. "Guga ba za ta fitar da shi ba. Sai an ɓamɓare layi biyu."

"Hannunta fa," in ji Malama ƙasa-ƙasa. "Jini take yi."

"Kawo tsumma. Yana ɗiga a kai."

"Auta," in ji Yaya, "shi ba ya jin ciwo. Ni ce nan."

Ya miƙe. Da ya yi magana babu faɗa a muryarsa, kuma wannan ya fi faɗan ban tsoro.

"Kin ga abin da nake gudu ke nan, Yaya. Mai hankalinsa ba zai yi wannan ba. Yau daɓe ne, gobe wa ya sani? Wuta? Don lafiyarki ne. Ba ni makullin."

Irin wannan gidan ba a jin ihu daga cikinsa. Ba a dukan kowa, ba a hana kowa abinci, maƙwabta ba su da abin da za su faɗa sai yabo. Ana dai ɗauke wa mutum sandarsa, da ruwansa, da ƙasar da yake takawa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kyakkyawan dalili, ranar da ya nemi hanya da farcensa kuma a ce hankalinsa ne ya taɓu.

Malama ta ɗaure mata yatsan. Auta ya riƙo ta a gwiwar hannu, da ladabi, ya kai ta ɗaki, ya ce ta huta. Ƙofar ta rufu. Makullin ya juya sau biyu, daga waje.

Yaya ba ta je gado ba. Ta tsaya a bayan ƙofar, goshinta a jikin itacen, ta lalubi ƙasa da ƙafa. Farkon zanen na nan ta ciki, ɗan taƙi guda, ya bi ta ƙarƙashin ƙofar ya fita. Ta ɗora yatsanta a kai ta danna. A falo tana jin Auta a waya yana tambayar Kafinta ko akwai ragowar katakon, da kuma kwana nawa zai yi yana shan iska kafin a kafa shi.